Da Kaya ko Ba Kaya

Sunansa Dobrivoje Paunović, maƙeri ɗan maƙeri, mutumin wani ƙauye da ke kan tudu gabas da garinmu na bakin kogin Morava. Na fara saninsa a farkon kakar shekarar 2009, ranar da ya tsayar da tsohuwar akori-kurarsa a ƙofar shagona na faci, ya leƙo ta taga ya ce, "Kai ne Milisav da aka ce yana sayar wa mutane iska?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To Allah ya kyauta. Ubana ya tsufa yana dukan ƙarfe, ga wani ƙato yana cin abinci da abin da ake shaƙa a banza."

Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba, sai Sarkin Iska. Ni kuwa, da yake ya ba ni shekara goma da ɗoriya, Yaya Dobri nake ce masa.

Dogo ne, kakkaura, mai murya kamar ana jan ganga a kan tsakuwa. Sana'arsa buga wa dawaki takalmin ƙarfe. A zamanin ubansa dawakin ake kawowa maƙera. A nasa zamanin da dawaki suka yi ƙaranci, sai ya zama shi ne ke bin su har cikin duwatsu, inda masu saran itace ke jan gungume da su. Yakan ɗora uwar maƙerar da ya gada a bayan mota, da guduma da awartaki da buhun gawayi, ya yi ta zagaya ƙauyuka. Gidansa shi ya gina abinsa, kuma ƙofar gidan ta ƙarfe ce da ya ƙera mata ganye da nonon inabi, har baƙi kan tsaya su kalla. Yana da mata, Zagorka, da 'ya'ya mata uku. Bai taɓa ɗaga wa ɗayarsu hannu ba, wannan kowa ya shaida. Amma harshensa ya fi gudumarsa nauyi, kuma a tsawon sanin da na yi masa ban taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba, ko da a kan hanyar da ya ɓata ce.

Dole in faɗi wani abu game da aikina, domin in ba da shi ba labarin ba zai fito ba. Duk motar ɗaukar kaya tana da ma'aunin iska biyu, kuma masu ƙera ta sun liƙa su a jikin ƙofar direba. Layi na sama an zana mutum biyu. Wannan shi ne ba kaya. Layi na ƙasa an zana mutane da akwatuna; wannan shi ne da kaya. Ni ban iya karatu ba sai da na haura arba'in, amma wannan ɗan rubutun na iya karanta shi tun ina sa hannu da babban yatsa, domin zane ba ya buƙatar makaranta. A motar Yaya Dobri, tayoyin baya suna son allurar geji, wato abin auna iska, ta nuna biyu da ɗan ɗori idan ba kaya, huɗu idan an cika ta. Tayar da aka ɗora wa nauyi aka kuma hana ta iska, gefenta yakan yi ta lanƙwasa tana miƙewa, ta yi zafi daga ciki, sannan wata rana ta tarwatse a kan kwana ba tare da sallama ba. Saboda haka kafin in kama tiyo, duk mai akori-kura sai na tambaye shi: da kaya ko ba kaya? Kuma abin da mutum ya gaya mini shi nake sa masa. Da wannan aka san ni, da kuma cewa ba a dawo mini da faci.

A bazarar 2014 aka yi bikin autarsa. Mun je, mun ci, mun sha, ya yi rawa har gumi ya jiƙa masa riga. Kwana kaɗan bayan baƙi sun watse, Zagorka ta ajiye masa kofin gahawa, ta zauna a gabansa ta ce ta zauna shekara arba'in ne domin yara, yanzu yara sun tafi, kuma ba ta son ta ƙarasa sauran kwanakinta tana jin yadda ba ta iya komai ba. Ta ce ko shi ya fita ko ita. Matata ce ta ji wannan daga bakin Zagorka ita kanta, domin tare suke sayar da cuku a kasuwar Asabar. Shi kuwa girman kansa bai yarda a ce matarsa ta bar gidan da ya gina ta koma raɓe wurin dangi ba. Sai ya ce shi zai fita. Amma bai yarda a ce an fitar da shi ba.

Ya shiga maƙera ya ƙera ɗakin tafi-da-gidanka da farantan ƙarfe da katako, ya yi masa taga ɗaya da ƙofa ta baya, ya ɗora shi a bayan akori-kura ya ɗaure da sarƙa. Ya shelanta wa duniya cewa ya gaji da aiki, zai riƙa zuwa kamun kifi kamar yadda ya ga Jamusawa 'yan yawon shan iska suna yi.

Ina tuna safiyar da ya fara kawo ta. Ljubiša direban tasi yana zaune a kan bencin shagona kamar kullum, shi da bakinsa da ba ya rufuwa. Motar ta shigo hancinta a sama, bayanta a ƙasa, kamar karen da ke shirin zama. Tayoyin baya sun baje har gefensu na neman taɓa kwalta.

Ljubiša ya miƙe yana tafa hannu. "Kawu Dobri! Akwatin gawa ne da taga? Wa ya rasu?"

"Ubanka ne ya yi oda, ya ce a yi masa wurin leƙo ka, ya ga ko ka yi hankali."

"To wannan bututun hayaƙin fa? Kifin ne ke jin sanyi?"

"Kai dai je ka ɗauki fasinja, ɗan wahala. Sarkin Iska, zo ka duba mini ƙafafun nan."

Na zagaya bayan motar. Labulen taga bai rufu sosai ba. Ban yi niyyar leƙe ba, amma ido ba shi da linzami. Na ga murhun ƙarfe, da uwar maƙera a ɗaure a ƙasan gado, da bargunan hunturu, da akwatin katako na mahaifiyarsa, da hoton Mala'ika Mika'ilu a jingine a bango, da babbar rigar sanyi a rataye alhali muna tsakiyar zafi. Sandar fatsa ɗaya ce tal, sabuwa, ko ledarta ba a cire ba.

Na dawo na durƙusa, na yi tambayar da na saba. "Yaya Dobri, da kaya ko ba kaya?"

Ya dubi Ljubiša, ya dubi titi. "Wane kaya? Katifa ce da sandar fatsa. Ba kaya."

Na ji kunya ta rufe ni kamar ni aka kama da ƙarya. In na ce masa "akwai kaya", na tsiraita shi a gaban mai bakin da ya fi rediyo. In na sa masa biyu da ɗori kamar yadda ya ce, na san hanyar dutsen da yake bi, na san kwanar da ke saman rafi. Sai na juya fuskar geji ta kalli cikina, na kunna inji, na buga huɗu a kowace ta baya. Da yake huɗu tana ɗaukar lokaci, na yi ta jan sa da hira kan farashin gawayi.

"Yau injinka ya tsufa ne?" in ji shi.

"Sanyin safe ne, Yaya. Shi ma sai ya sha gahawa."

Motar ta ɗan ɗago. Ya buga taya da ƙafa, ya gyaɗa kai, ya tafi. Ljubiša ya bi shi da kallo har ya ƙule, sannan ya dube ni. Sai ya koma kan benci ya zauna.

Haka muka zauna shekara huɗu da wani abu. Yakan kwana a bakin kogi ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ko a bayan gidan wani mai doki, sannan duk bayan mako biyu ko uku ya biyo ta shagona da sassafe, domin na koya masa cewa taya tana sanyi ake auna ta. In tambaya, ya ce ba kaya, in juya geji. Ina iya daina tambayar, amma da na daina da ya gane na sani. Saboda haka kowane zuwa sai na sa dattijo ya yi ƙarya da bakinsa, ni kuma in amsa da tawa ƙaryar da hannu.

Garin duka ya shiga cikin wasan ba tare da an yi shawara ba. Mai burodi yakan tambaye shi ya kogi. Mai aski yakan ce ya ga rana ta gyara masa fata. Shi kuma, don ya tabbatar da zancensa, wani lokaci yakan kawo mana kifi a naɗe a jarida. Kifin kiwo ne, na kasuwa, mai ƙiba, cikinsa cike da masara. Wata rana har da guntun ƙanƙara a maƙale a kunnensa.

Ljubiša ya ɗaga shi yana jinjinawa. "Kai, Kawu! Wannan ai ya ba ka wahala."

"Wahala? Rabin safiya muna ja-in-ja. Saura kaɗan ya tafi da ni."

"Kuma ga shi ya zo da sanyinsa."

"Morava ce, yaro. Ka taɓa sa ƙafarka a ciki?"

Muka soya a bayan shago, muka ci, muka yaba. Ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya kamar kifin nan ba.

Rana ɗaya ce a shekara yake komawa gidansa, ranar slava, wato ranar waliyyin gidansu, Mala'ika Mika'ilu, da ya gada daga ubansa, ashirin da ɗaya ga Nuwamba. A ranar slava ba a gayyata, duk wanda ya taɓa zuwa zai zo, kuma ba a yin ta sai da maigida. Zagorka mace ce mai sanin ya kamata. Takan goge masa farar riga ta rataye a ɗakin wanka. Yakan ajiye motar a bayan lambu inda ba a gani daga hanya, ya yi aski, ya kunna kyandir, ya karya burodin slava tare da limamin coci, ya tari baƙi a ƙofar ƙarfen nan tasa. A al'adarmu maigida ba ya zama muddin kyandir yana ci, tsaye yake yana zuba wa baƙi giyar gida. Shi wannan ya yi masa daidai, domin kujerarsa ta kan tebur an daɗe da mayar da ita wurin ajiye tukunyar fure. Yakan ce, "Zago, ƙaro musu nama," ita kuma ta ce, "To, maigida." Mu kuwa mu sunkuyar da kai cikin faranti. Wata shekara na ga ya buɗe kabad yana neman kofuna inda suke a da, ya tarar da tawul. Ya tsaya riƙe da murfin kabad ɗin, har sai da Zagorka ta wuce ta bayansa ta ce a hankali, "Na hagu." Kafin magariba, da baƙon ƙarshe ya fita, sai ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya bi ta lambu.

Na sha cewa a raina, wannan abu ba zai ɗore ba. Amma na ɗauka Zagorka ce za ta sauko, ko shi ya je ya ce mata kalma ukun nan da bai taɓa faɗa ba. Ban taɓa kawowa cewa ta wurin tayoyin nan abin zai fashe ba.

A watan Fabrairun 2019 ya kai motar binciken lafiya na shekara. A da wani tsohon abokinsa ne ke duba ta, mai kallo da ido ɗaya; a wannan shekarar ya yi ritaya, aka sa wani wanda bai san kowa ba, mai yin aikinsa yadda aka koya masa. Daga can Yaya Dobri ya wuce kai tsaye shagona. Dusar ƙanƙara tana narkewa, ko'ina caɓi. Bai leƙo ta taga ba. Ya fito, ya rufe ƙofa a hankali, ya tsaya a kaina. Ljubiša yana kan benci, da wasu mutum biyu masu jiran faci.

"Milisav."

Kusan shekara goma ban ji sunana a bakinsa ba.

"Nawa kake sa mini a baya?"

Na ajiye abin da ke hannuna, na miƙe. "Huɗu."

"Me nake ce maka?"

"Ba kaya."

"Mutumin can ya ɗora ta a kan sikeli. Ya auna iska. Ya ce, Baba, mai facinka ya san aikinsa, ya san gida guda kake ɗauke da shi. A gaban mutane ya faɗa, yana dariya, yana zaton yabo yake yi." Ya matso kusa da ni. "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Yaya."

Ya juya ya dubi Ljubiša. Ljubiša ya ƙura wa takalminsa ido. Ya dubi sauran biyun, ɗaya ya tashi ya fita kamar an kira shi. Na ga jini ya hau wuyan dattijon har kunnuwansa.

"Kifin fa?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na sunkuyar da kai.

"Ashe shekara huɗu ina yi muku wasan biri. Kuna ci kuna yabawa."

Ljubiša ya ce, "Haba Kawu, wallahi ba wanda ya taɓa yi maka dariya. Ni da bakina..."

"Rufe shi. Da dariyar kuka yi da ta fi mini sauƙi." Ya nuna tayar baya. "Sauke ta. Biyu da ɗori. Abin da na ce shi za ka sa."

Na ce, "Ba zan sauke ba."

"Motarka ce?"

"Taka ce. Amma hannun nawa ne. Ka zage ni, ka daina zuwa, ka kai ta wurin wani. Muddin abin da ke cikin ɗakin nan yana ciki, ba ni zan rage mata iska ba, ka je ka kife a kwanar rafi a ce daga shagona ka fito."

"Ka mayar da ni maƙaryaci."

Na so in ce ba ni na mayar da shi ba. Amma ba a ƙara wa wanda ya faɗi duka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga mota ya tafi, bai sauke iskar da kansa ba, ko da yake ƙusa ɗaya ta ishe shi.

Kusan wata guda ba mu gan shi ba. Matata ta gaya wa Zagorka abin da ya faru. Zagorka ta yi kuka a gaban teburin cukunta, ta ce, "Da zai zo ya ƙwanƙwasa, da na buɗe. Amma ba zai ƙwanƙwasa ba, ni kuma ba zan aika ba." Na je ƙarƙashin gada nemansa sau biyu. Na tarar da toka da sawun taya. A gaskiya ban san abin da zan ce masa ba da na same shi, kuma da na juyo sai na ji wani sauƙi da ni kaina na ji kunyarsa.

Wata safiya ina buɗe shago sai na ji ƙarar injin da na sani. Na ɗaga kai ban gane motar ba. Bayanta ya ɗaga sama kamar ɗan maraƙi, tana tsalle a kan kowane rami. Babu ɗaki. Babu sarƙa. Bayan akori-kurar fayau, an share shi har da tsintsiya, sai tsatsa mai kusurwa huɗu inda ɗakin ya zauna. A kujerar gaba akwai jaka ɗaya da hoton Mala'ika Mika'ilu a naɗe cikin tawul.

Ya fito. Ya rame, amma ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci.

"Sarkin Iska, tambaye ni."

Na tsaya ina kallon bayan motar.

"Na ce ka tambaye ni. Ba haka kake yi wa kowa ba?"

Na ce, "Da kaya ko ba kaya?"

"Ba kaya. Je ka duba."

"Na gani, Yaya."

"Je ka duba da hannunka."

Na zagaya, na dafa ƙarfen, na dawo. Na tambaye shi ina ɗakin. Ya ce ya sauke shi a kan ganguna huɗu a bakin kogi, masunta na gaskiya su riƙa fakewa in ana ruwa, ya bar musu murhun. Akwatin mahaifiyarsa ya kai wa babbar 'yarsa. Na ce uwar maƙera fa? Ya ce akwai wani maƙeri a hayin kogi mai 'ya'ya maza, ya ba shi, har da guduma da awartaki.

"To dawakin dutse wa zai buga musu takalmi?"

"Su yi tafiya ba takalmi. Ni ma na gaji da warin kofato." Ya kau da kai. "Auta ta daɗe tana cewa in je can arewa wurinsu. Mijinta yana da ɗaki a bayan gareji. A can ba wanda ya san ni da kifi."

Na ce, "Gida fa? Zagorka ta ce da za ka..."

"Sa mini iskata, Milisav. Rana tana yi."

Na durƙusa. Na juya fuskar geji ta kalle shi, na danna bawul. Iska ta yi ta fita, allura tana sauka daga huɗu, shi kuma ya sunkuyo da hannuwansa a gwiwa yana bin ta da ido kamar mai duba zafin ƙarfe. Da ta kai biyu da ɗori ya ce, "Tsaya." Muka koma ɗaya gefen muka yi haka. Ljubiša ya iso ana cikin ta biyun. Ya tsaya daga bakin titi, hularsa a hannu.

Yaya Dobri ya miƙe, ya buga taya da ƙafa. "Yanzu abin da na faɗa shi ne a ciki?"

"Shi ne."

"Ka ji, ɗan wahala?" ya ce wa Ljubiša. "Ba kaya. Ka gaya musu."

"Zan gaya musu, Kawu."

Ya miƙo mini hannu. Tafin nan da ya saba murƙushe mini yatsu don wasa, a ranar riƙewa kawai ya yi ya saki. Na ce ya tsaya a dafa gahawa, ya ce hanya da nisa. Ya shiga, ya gyara zaman hoton a kan kujera, ya ɗaura masa bel kamar fasinja, ya hau titin arewa.

A Nuwamban shekarar, ranar slava, na je gidansa kamar yadda na saba. Zagorka ta goge farar rigar ta rataye. Mijin babbar 'yar ne ya kunna kyandir, ya tsaya a kan baƙi, kuma baƙin ba su kai rabin na da ba. An ce Yaya Dobri yana can arewa da rai, yana gyara wa jikokinsa kekuna, ba ya fita sosai. Na karɓi lambar wayarsa wurin 'yarsa, tana nan har yanzu ban kira ba, domin ban san da wace kalma zan fara ba.

Ganina da shi na ƙarshe shi ne ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, 2019.